Shukar da Za Ta Rufe Bango, Ta Kuma Ba Mu Abinci

A ziyarce-ziyarcenmu na ikilisiyoyin ƙauye, tambaya ɗaya tana yawan fitowa daga dattawa da zumuntar mata: me za a shuka ya rufe bangon gareji, ko na sito, ko na ɗakin injin niƙa, wanda hayaƙi da baƙin mai suka ɓata? Kuɗin fenti babu, ga shi kuma bangon yana kallon ƙofar majami'a.

Shawararmu ita ce a zaɓi shuka mai hawa wadda za a ci ko a sayar, kuma kada a bar ta ta kama bangon kansa.

Dalili kuwa, yawancin gine-ginenmu na ƙasa ne. A yankin Zariya ruwa yakan sauka daga watan Mayu zuwa Oktoba, ya fi ƙarfi a Agusta. Ganyen da ya manne wa bango yakan riƙe laima, rana ba ta samun busar da shi, sai yaɓe ya fara zubewa, gara ta sami hanya. Bangon bulo ma yakan yi gansakuka. Saboda haka a kafa sanduna ko gora kamar rabin mita daga bango, a ɗaure waya ko igiya a tsakaninsu, shukar ta bi nan. Wannan rata tana barin iska ta wuce, mai shara kuma ya ga abin da ke ciki, domin maciji da kunama suna son wuri mai duhu da sanyi. A babbake gindin sandunan da wuta kafin a kafa su, za su fi jimre wa gara.

Soso ya fi kowa sauri. In an shuka shi da ruwan farko, cikin wata biyu ya rufe wurin, ga furanni ruwan ɗorawa. 'Ya'yan da suka bushe a kan reshe su ne soson wanka da na wanke-wanke, ana kuwa sayensu a kasuwar Tudun Wada da ta Sabon Gari. Duma ma yana da sauri, amma yana da nauyi, sai da sanduna masu ƙarfi. Garafuni ba ya bukatar lallashi, ganyensa dai ƙanana ne, ba ya rufe wuri sosai. Kabewa kuwa a bar ta a ƙasa, in ta hau rufi nauyinta da laimarta sukan lalata shi.

Sai dai duk waɗannan 'yan damina ne. Mun san labarin Yunana a sura ta 4, yadda shukar da ta yi masa inuwa ta tashi da sauri, ta kuma bushe da sauri. Haka soso da duma suke: hunturu na shigowa sai su bushe, bango ya koma tsirara, a lokacin da ake dosar zafin Maris da Afrilu.

A nan ne waken danfami ya fi su. Kakanninmu sun ba shi wannan suna ne don a jikin danga ake shuka shi. Saiwarsa tana nitsewa ƙasa sosai, shi ya sa yakan zauna kore bayan ruwa ya ɗauke, a lokacin ne ma yawancin irinsa ke yin fure. In ana zuba masa ruwan da aka ɗauraye kwanuka, wanda ba sabulu da yawa, yakan ƙara daɗewa. Yana ƙara wa ƙasa ƙarfi kamar sauran dangin wake, ganyensa kuma abincin awaki da tumaki ne mai kyau. Cibiyar binciken dabbobi da ke Shika ta daɗe tana aiki a kansa saboda wannan. Mutane ma suna ci, amma a kula: busasshen ƙwayarsa yana da guba in bai dahu ba. A jiƙa shi, a tafasa sosai, a zubar da ruwan farko.

A ganinmu abin da ya fi shi ne a haɗa biyu. A shuka soso da farkon damina, a bi shi da waken danfami a watan Yuli, ɗaya yana bushewa ɗaya yana karɓar wurin.

Wasu sun tambaye mu game da furen nan mai ƙaya, ja ko ruwan hoda, da ake gani a katangun gidajen ma'aikata a Samaru. Yana da kyau, yana jimre wa rani, reshensa ake dasawa. Amma shekarar farko ba ya sauri, ba a cinsa, ƙayarsa kuma ba ta dace da inda yaran makarantar Lahadi ke wasa ba.

Abu na ƙarshe ya shafi gareji musamman. Ƙasar da ta sha baƙin mai da ruwan batir ba ta noman abinci ba ce, domin batir yana da dalma, ita kuwa tana cutar da yara ƙwarai. A irin wannan wuri a cika buhun taki ko tsohon bokiti da ƙasar gona da takin gida, a huda ƙasansa, a ɗora a kan bulo, a shuka a ciki. A kewaye gindin da ƙaya tun ranar farko, kafin awakin maƙwabta su gani.