Giris a Sandunan Birki: Aikin da Ake Yawan Mantawa da Shi

'Yan'uwa, a ƙauyukanmu da yawa mota ɗaya ce take kai mara lafiya asibiti da dare, ita ce kuma take kai amfanin gona kasuwa. Muna kula da man inji da tayoyi, amma akwai wasu 'yan sandunan ƙarfe a cikin birki da ba a cika tunawa da su ba sai sun jawo matsala. Bari mu duba aikinsu da yadda za a kula da su.

Yadda birkin yake aiki

A ƙafafun gaba na motoci irin su Corolla da Golf, akwai faifan ƙarfe da yake juyawa tare da taya. A kansa akwai wani ƙarfe mai kama da matsefi, bakanikai suna kiransa kalifa. A cikinsa akwai fad guda biyu, ɗaya ta ciki, ɗaya ta waje. In direba ya taka birki, man birki yana tura fistin, fistin ya danna fad na ciki a jikin faifan. To, fistin ɗin yana gefe ɗaya ne kawai. Domin fad na waje shi ma ya kama, dole dukan kalifar ta zame a kan sanduna biyu, kowace da 'yar robar da take hana ƙura da ruwa shiga.

In robar ta yage, ƙurar rani da taɓon damina suna shiga, giris ya bushe, tsatsa ta kama sandar. Daga nan kalifa ba ta zamewa. Ko dai fad ɗaya ne kawai zai riƙa aiki, ko kuwa birkin ya ƙi sakin faifan bayan an ɗaga ƙafa.

Alamun da za a lura da su

Mota tana ja gefe ɗaya in an taka birki. Ƙafa ɗaya ta fi sauran zafi bayan tafiya, wani lokaci har da ƙauri. Fad ɗaya ya cinye alhali ɗan'uwansa yana nan da kauri. Mota tana nauyi, tana shan mai fiye da yadda aka saba. A kan gangara da kaya, birkin da ya yi zafi haka yana rage kamu, kuma nan haɗarin yake.

Yadda ake yin aikin

A tsayar da mota a wuri mai laushin ƙasa ba daidai ba ne. A nemi wuri mai tauri wanda bai karkata ba. A sa duwatsu a tayoyin baya, a ɗaga da jak, sannan a tokare motar da abu mai ƙarfi. Kada a dogara ga jak kaɗai.

A cire taya, a kwance notocin kalifa, a rataye ta da waya. Kada a bar ta tana lilo a jikin tiyon man birki, kada kuma kowa ya taka birki a wannan lokaci. A zare sandunan ɗaya bayan ɗaya, a lura da ta sama da ta ƙasa, domin a wasu motoci ba iri ɗaya ba ne. A goge su da tsumma mai tsabta, a goge ramin da suke shiga. Sandar da tsatsa ta ci ko ta lanƙwashe, da robar da ta yage, a sake su. Ƙurar birki kuma a share ta da jiƙaƙƙen tsumma, kada a hura ta da baki, gama tana cutar da huhu.

A shafa giris kaɗan, ya rufe sandar kawai. In ya yi yawa, zai toshe ramin ya hana sandar shiga sosai. Girisin da ya dace shi ne na birki mai silikon, wanda yake jure zafi. Girisin da ake sa wa boris, ko baƙin mai, yana kumbura robar har ta riƙe sandar. Kada giris ya taɓa fuskar fad ko faifan ko kaɗan.

A mayar da kome, a gwada da hannu a ga kalifa tana zamewa, a ɗaure notoci sosai. Fad da kaurinsa ya ragu zuwa milimita 3 a canja shi. Abin da aka yi wa ƙafar hagu a yi wa ta dama. Kafin mota ta motsa, a taka birki sau da yawa har ya yi tauri, sannan a gwada a hankali a fili.

Yaushe za a yi?

Duk lokacin da aka canja fad, da kuma sau ɗaya a shekara, musamman bayan damina. Wanda bai saba da aikin ba ya kai wa bakanike, ya tsaya ya ga an zare sandunan, ya kuma tambayi irin girisin da za a sa. Masu kula da motar gari su rubuta ranar a littafi, domin direba na gaba ya san lokacin da za a sake dubawa.