Baƙo a Ƙasar Kaba: Yadda Ɗan Mishan Ke Koyon Zama da Mutane

Kowace shekara majami'un Amurka da na Turai suna tura dubban samari da ƴan mata zuwa ƙasashen da ake jin Sifaniyanci, irin su Meziko da Peru da Gwatamala, don su yi wa'azin addininsu. Ɗarikar Mormon takan zaunar da nata ƴan makonni a cibiyar horo ta Provo ko ta birnin Meziko, a yi ta ɗura musu harshe safe da yamma, sannan a sake su cikin gari. Kukan da suke yi a watannin farko kusan iri ɗaya ne: harshe ya ƙi zama a baki, ciki ya ƙi abincin wurin, ga kewar gida, ga kunyar mutum da gemunsa ya koma koyon magana. Mu a jahar Maraɗi ba sai mun ƙetare teku za mu fahimci wannan ba, domin kusan shekara ɗari ke nan muna karɓar irin waɗannan baƙi. Mun ga wanda ya iya zama da mu, mun ga wanda ya naɗe tabarmarsa tun damina ba ta zagayo ba.

Jiki ne ke fara biyan kuɗin baƙunta. A 1893 wasu samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko da niyyar shigowa ƙasar Hausa. Ba a daɗe ba cuta ta kashe biyu na farko, Bingham kaɗai ya koma gida. Ƙungiyar da ta tsiro daga tafiyar tasu, SIM, sai a 1924 ta samu kafa ƙafa a Damagaram, daga nan ta zo Tsibirin Gobir, ta buɗe asibitin Galmi a 1950, ta kuma kafa wurin jinyar kutare a Danja. Magani ya samu yanzu, amma bazarar Mayahi ba ta sassauta wa kowa ba, haka ƙurar hunturu da sauron damina.

Sai kuma abin da baƙo ya tarar an riga an rubuta a goshinsa. Duk Baturen da ya shigo ƙasar Tasawa a wancan zamani ya taka sawun wasu ne. A 1899 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta ratso daga yamma tana ƙone garuruwa tana kashe bayin Allah, har ta zo ta cinye kanta a nan: aka harbe Kanar Klobb, wanda aka turo ya tsayar da su, a Dankori cikin watan Yuli, bayan ƴan kwanaki sojojin suka juya wa shugabannin nasu biyu, kuma kaburburansu suna Mai Jirgi. Wanda kakansa ya ba shi wannan labari, ya kuma ga haraji da aikin tilas na kwamanda, ba zai yi saurin bambance Nasara mai bindiga da Nasara mai littafi ba. Su kuwa Faransawa masu mulki ba su saki jiki da waɗannan masu Turancin Ingilishi da suka ɓullo ta Najeriya ba. Zargi ta gaba, zargi ta baya.

Harshe shi ne ƙofa, kuma waɗanda suka daɗe a ƙasar Hausa sun gane haka da wuri. Heinrich Barth, wanda matafiyi ne mai bincike, ya iso Tasawa a watan Janairun 1851 da sunan Abdulkarim da kuma Hausar da ya tsinta a hanyar Azbin, abin da ya sa ya ji abubuwan da tafinta ba zai faɗa masa ba. Fasto James Schön a bakin wani yaro Bahaushe, Dorugu, wanda Barth ya tafi da shi Ingila, ya ɗebi Hausar da ya zuba cikin littattafansa. Dokta Walter Miller sai da ya je Tarabulus ya zauna da Hausawan can kafin tafiyar Kano ta 1900, inda Sarki Alu ya ce shi da abokan tafiyarsa su fice masa daga gari. Ya dawo ya zauna Zariya a 1905, kuma da hannunsa a fassarar Littafi Mai Tsarki da ta fito a 1932. To amma Hausar littafi ta Kano da Zazzau ce. Wanda ya haddace ta ya zo kasuwar Mayahi zai ga kunnensa na bukatar sabon horo.

Kuma ko ya iya kalmomin, da sauran aiki. A ɗauki sabon zuwa da aka kai zauren maigari. Yana da magana a cikinsa, ya shirya ta tun dare, yana so ya sauke. Sai ya tarar dole ya tuɓe takalmi, ya zauna ƙasa, a yi ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina iyali, yaya baƙunta, a ɗan yi shiru, a sake ɗauko gaisuwar daga farko. A kawo fura a ƙwarya da ludayi ɗaya, cikinsa na tsoron ruwan da aka dama ta da shi, ga shi ƙin sha raini ne. In ya samu ya faɗi abin da ya kawo shi, dattawa su ce “to, madalla, Allah ya kai mu.” Ya tashi da murna an amince, alhali an sallame shi ne cikin mutunci. Ya tambayi mace sunan ɗanta na fari, ta sunkuyar da kai, ya ɗauka ba ta ji Hausarsa ba. Babu cibiyar horon da ke koyar da waɗannan, sai zama, sai yawan kuskure, sai samun ɗan gari mai haƙuri da zai ja shi gefe ya ce, “Malam, ba haka ake yi ba.”

A ganina babu labarin da ya fi fito da wannan al'amari fili kamar na Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostareliya da ya karanci aikin gona, wanda SIM ta kawo Maraɗi da iyalinsa a farkon shekarun 1980. Aikin da aka ba shi dashen itace ne. Ya yi yadda aka koya masa: a raini iri a leda, a loda a mota, a kai ƙauye, a dasa, a kewaye. Rana ta ƙone wasu, gara ta ci wasu, awaki suka gama da sauran, iska mai rairayi ta binne abin da ya rage. Manoma kuma ba su ga dalilin ba da gonar hatsi ga itacen da ba su roƙa ba. Shi da kansa ya sha faɗin cewa ya kusa haɗa kayansa ya koma gida.

Wata rana a 1983, yana jan tirela cike da dashe, ya tsaya ya rage iskar tayoyi don kada yashi ya riƙe motar. Idonsa ya faɗa kan wani ɗan kurmi a bakin hanya, irin wanda ya wuce dubbansa yana ɗaukar su ciyawar banza. Ya matsa ya duba ganyen, sai ya ga ashe itace ne da aka sare, kututturen na nan da rai, saiwarsa ta yi zurfi, kowace shekara yana tohowa, kowace shekara kuma ana sassabe shi kafin shuka. Dajin da yake wahalar dasawa yana kwance ƙarƙashin gonaki.

A nan ya kamata a faɗi gaskiya: wane manomi ne a Tasawa bai san sabara da kalgo suna tohowa daga kututture ba? Wa bai san amfanin gawo ba, itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, ya kuma ba dabbobi inuwa da ƴaƴa da rani? Sani yana nan. Abin da ya danne shi biyu ne. An daɗe ana nuna wa mutane cewa gonar kirki ita ce wadda aka share tas, sannan dokar daji ta mayar da itace na gwamnati, har mutum kan ji tsoron tarar ma'aikatan gandun daji a kan itacen da ke cikin gonarsa. Wanda ba zai mallaki abu ba, don me zai raine shi? Gudummawar baƙon ita ce ya daina kallon ledarsa ya dubi ƙasa, sannan ya nace.

Dabarar ba ta bukatar kuɗi. Manomi ya zaɓi kututture, ya bar tohon da suka fi ƙarfi da miƙewa, ɗaya zuwa biyar, ya cire sauran. Ya datse rassan gefe zuwa wajen rabin tsayi, da gatari ko adda mai kaifi, yana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Saiwar da ta riga ta kai ga danshi ita ke yin sauran aikin, shi ya sa toho ke tsere wa dashe nesa ba kusa ba. Sassaben zamani, haka aka raɗa masa.

Ba a karɓe shi hannu biyu-biyu ba. Ƴan tsirarun da suka fara gwadawa dariya aka yi musu, aka bi dare aka sare musu itatuwa, shi kuwa aka ce Bature ya zautu. Sai yunwar 1984 ta zo, mishan ta shiga rabon abinci a bakin aiki, ta sa barin itace a gona cikin sharuɗɗa. Mutane suka bi don ciki, kuma da aka daina rabon mafi yawansu suka sare abin da suka bari. Wannan ma darasi ne ga baƙo: “to” ɗin mai jin yunwa ba yarda ba ce. Waɗanda suka bar nasu su ne suka ga iska ta daina binne shuka, matansu sun huta da doguwar tafiyar neman itacen girki, ga na sayarwa a kasuwa. Daga nan maganar ta bar hannun mishan, ta koma tsakanin manomi da maƙwabcinsa, ta bi ta Agye da Tasawa da Mayahi, yayin da a ƙasar Damagaram manoma ke ta rainon gawonsu ba tare da jiran kowa ba. Masu binciken da suka gwada hotunan sama na da da na yanzu sun ƙiyasta wajen hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200 a kudancin Nijar.

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba, kuma wanda ya san Gulbin Kaba, inda ake yanke ta kowace shekara a yi tabarma da igiya ta sake tohowa, ya san nauyin maganar. Rinaudo ya bar Nijar a 1999, aka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood a 2018, a shekara ɗaya da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso. Ta fuskar addini kuwa, wanda shi ne asalin abin da ya kawo ƴan mishan, ƙasar na nan da Musuluncinta, Kiristocin Hausawa kuma ƴan tsiraru ne, a Maraɗi da Tsibiri da wasu ƙauyuka. Mutane sun je asibiti, sun karɓi dabarar gona, sun yi zumunci da wanda ya iya gaisuwa ya zo musu jana'iza da suna, sauran maganar kuma suka ce masa Allah ya kai mu.

Yau yawancin baƙin da ke shiga ƙauyukan Mayahi da Tasawa da saƙo a baki ƴaƴanmu ne: malamin lakwal da aka turo daga Yamai, ma'aikaciyar likita, yaron da ƙungiya ta ba babur da takardar cikewa, mai wa'azin da ya karanto a Sakkwato ko Madina. Suna jin Hausa, shi ya sa suke zaton an ɗauke musu zaman zauren, kuma da yawansu kan tayar da babur tun dattawa ba su gama gaisuwa ta biyu ba.