Abin Da Ke Ɓoye A Bayan "Sanyi": Gargaɗi Ga Mutanen Gwandu Da Kalgo

Hunturu ya kusa. Kwanan nan yara za su fara kukan maƙogwaro, tsofaffi su fara dafa gwiwa kafin su tashi daga kan buzu. Daga Kambaza zuwa Dalijan, daga Diggi zuwa Zuguru, amsar ɗaya ce: sanyi ne. A sha jiƙo. A shafa man zafi. A aiki yaro kemis ya karɓo haɗi. Ina roƙon duk wanda wannan rubutu ya iso gare shi ya ɗan dakata. Kalmar nan "sanyi" ta zame mana buhu, mun cusa cututtuka da yawa a ciki mun ɗaure baki. Wasu da sauƙi. Wasu suna cin zuciya. Wasu suna cin ƙoda. Wasu suna lanƙwasa yatsu har ƙarshen rai. Kada kowa ya firgita, kusan dukansu suna da magani. Sai dai maganin yana da lokaci, kuma lokacin gajere ne.

Zan fara da yara, don a nan asarar ta fi ciwo. Yaro ɗan shekara 5 zuwa 15 ya kwana da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro. Yawu ma da ƙyar yake haɗiyewa. Babu mura, babu tari, sai kaluluwa a wuya. Yawancin ciwon maƙogwaro yana wucewa da kansa. Amma akwai wanda wata ƙwayar cuta ke kawowa, likitoci suna ce mata sitiref. Shi ma yana lafawa cikin 'yan kwanaki, ko an yi magani ko ba a yi ba. A nan yaudarar take. Bayan mako biyu ko uku, a jikin wasu yaran, garkuwar jikin da ta tashi yaƙar ƙwayar sai ta rikice ta juyo kan mai ita. Yau gwiwa ta kumbura. Jibi ta sace, idon sawu ya ɗauka. Gata kuma gwiwar hannu. Gaɓoɓin za su warke sarai. Amma a yara da yawa zuciya ma ta kamu, ita kuwa tabonta ba ya gogewa. Ƙofofin cikinta, masu buɗewa da rufewa don jini ya bi hanya ɗaya, su ne ke ƙanƙancewa ko su riƙa yoyo.

Na ga wannan a gidanmu. Ɗan ƙanwata yana aji huɗu a firamare ya ce maƙogwaro. Aka ce belu ne, aka kira wanzami. Kwana uku ya miƙe, kowa ya yaba hannun wanzamin. Bayan mako uku ya kasa taka ƙafa. Aka ce sanyi ne ya kama shi saboda wankan rafi. Shekara shida da yin haka ya daina buga ƙwallo. In ya ɗauko jarka daga bakin famfo sai ya tsaya sau uku yana haki. Da dare sai an jera masa filo uku, in ya kwanta miƙe numfashi ya ƙi. Ranar da aka yi masa hoton zuciya, likita ya dubi uwarsa ya ce, "Hajiya, yana ƙarami ya taɓa ciwon maƙogwaro da kumburin gwiwa?" Ta ce, "Likita, ai wannan tun tuni. An cire belun ya warke." Allura ɗaya ta fenisilin a makon farko, ko amoksisilin na kwana 10 cif, da wataƙila ba mu shiga ɗakin nan ba. Askar wanzami ba ta kashe ƙwayar. Tana barinta a wurin, ta ƙara mata rauni a buɗe.

Ƙwayar tana son cunkoso. Ɗaki ɗaya yara goma, taga a toshe saboda sanyi. Zauren almajirai. Ɗakunan makarantun kwana. Tari ɗaya ya isa ta tsallaka. Ƙurajen nan masu ruwa da ke fitowa a ƙafafun yara su ma sau da yawa ita ce. Alarammomi da shugabannin makarantu, amanar tana wuyanku, don iyayen ba sa nan. Yaron da ya kasa haɗiyar abinci ga zazzaɓi, a kai shi asibiti ranar.

Akwai wata fuskar cutar da ta fi ruɗa mutane. Yarinya ta fara fizge-fizge ba da sonta ba. Kofi ya riƙa suɓucewa daga hannunta. Rubutunta ya lalace, fuska ta riƙa yatsinewa. Sai a ce iska ce. A yi addu'a, wannan ba wanda ya hana. Amma a haɗa da likita, don wannan zazzaɓin gaɓoɓin ne ya taɓa ƙwaƙwalwa, kuma sau da yawa zuciyarta ma ta riga ta taɓu.

Masu bincike sun auna girman ɓarnar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan ciwon zuciya yana kashe fiye da mutum 300,000 duk shekara, kusan dukansu a ƙasashen talakawa, kuma a watan Mayun 2018 babban taronta ya zartar da ƙuduri a kansa. Wani bincike mai suna REMEDY ya bi majinyata 3,343 a asibitoci 25 na ƙasashen Afirka 12 da Indiya da Yemen, an fara tattara su a 2010, da likitocin Najeriya a ciki har da na Kano. Rabin majinyatan ba su wuce shekara 28 ba. Kashi biyu cikin uku mata ne. Cikin shekara biyu kusan kashi 17 cikin 100 sun rasu. Kusan rabinsu ba sa kan maganin kariya na fenisilin. Sai kuma gwajin GOAL a Gulu da ke arewacin Yuganda, wanda sakamakonsa ya fito a ƙarshen 2021. An duba yara da na'urar hoton zuciya, aka gano masu tabon farko tun ba su fara jin komai ba. Aka raba su gida biyu, kowane kusan 400. Waɗanda aka riƙa yi wa allurar fenisilin duk mako huɗu, 3 ne kacal ciwonsu ya ƙaru cikin shekara biyu. A ɗaya gidan, 33. Allurar da ta yi wannan tsohuwa ce, mai araha. Abin da ke biyo bayan rashinta shi ne tiyatar canja ƙofar zuciya, kuɗin da ko an sayar da gona da shanu ba lalle ya kai ba.

Mai ciki ita ce ta gaba. Yarinyar da ta yi wannan zazzaɓi tana ƙarama za ta iya girma ba ta san komai ba. Sai an yi aure, ciki ya kai wata shida, jini ya ƙaru a jiki, ƙofar da ta ƙanƙance ta kasa ɗauka. Haki. Kumburin ƙafa. Tari da dare. Dangi su ce nauyin ciki ne. Duk mai cikin da ba ta iya kwanciya miƙe saboda numfashi, kada a jira ranar awo.

Yanzu manya. Ina da gwaggo da ta shekara arba'in tana daka da tuƙin tuwo. Wata shekara ta fara tashi da asuba yatsunta a sandare, hannu biyu duka, gaɓoɓin a kumbure da ɗumi. Sai hantsi suke saki. Daga baya ɗaurin zani ya gagare ta. Na taɓa ganin ta tana jan carbi da tafin hannu, tana tura ƙwayar da gefen babban yatsa. Na ce, "Gwaggo, mu je asibiti." Ta ce, "Ɗan nan, tsufa ake kai wa asibiti?" A lokacin ba ta cika hamsin da biyar ba. Wannan shi ne amosanin gaɓɓai da likitoci ke kira rumatoyid. Garkuwar jiki ce ke cin rufin gaɓa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 18 ke da shi a 2019, kashi 70 cikin 100 mata. An daɗe ana ɗauka ba ciwonmu ba ne, tun binciken Brian Greenwood a Ibadan a ƙarshen shekarun 1960 da ya nuna ƙarancinsa. Amma a 2010 Farfesa Olufemi Adelowo da abokan aikinsa a Legas suka wallafa bayanin majinyata 200 daga asibiti ɗaya. Yana nan a cikinmu. Binciken shekarun nan ya nuna watanni uku zuwa shida na farko su ne damar. In an fara maganin da ke danne cutar a lokacin, irin su metotirekset, gaɓa tana tsira. In ƙashi ya riga ya cinye, babu ƙwayar da ke mayar da shi. Maganin nan sau ɗaya ake shan sa a mako. Wanda ya sha kullum zai iya mutuwa. Mai ciki da mai neman ciki ba sa shan sa. Shi ya sa sai da likita da gwajin jini.

Ga matan da ke tsakanin balaga da shekara arba'in da 'yan kai akwai lufus. Tara cikin goma na masu shi mata ne, kuma ya fi tsanani ga baƙar fata. Ciwon gaɓɓai, zubar gashi, gyambon baki, ƙuraje a kumatu da rana ke tsananta su, zazzaɓin da aka yi ta yi wa maganin maleriya da taifod bai tafi ba, ɓari a kai a kai. In fitsari ya fara kumfa, fuska ta fara kumbura da safe, ya kai ƙoda. Ana riƙe shi da magani shekara da shekaru. Sammu ake ce masa a gidaje da yawa, har ƙodar ta tafi.

Gaɓa ɗaya da ta kumbura cikin dare, ta yi zafi kamar garwashi, ga zazzaɓi, ba ta taɓuwa: wannan ba ya kwana a gida. Mai yiwuwa mugunya ce a ciki, kuma kwanaki kaɗan sun isa ta lalata gaɓar. Masu amosanin jini sun fi shiga wannan haɗari. Kada a yi tsaga. Kada a kafa ƙaho. Kada a yi sakiya. Duk ƙarfen da ya huda gaɓa ya buɗe wa ƙwayar cuta ƙofa. In babban yatsan ƙafa ne ga magidanci mai yawan nama da kayan ciki, yana iya zama gawut, shi ma da nasa magani daban. Ciwon baya na watanni da rama da zufar dare kuwa, a binciki tarin fuka, don yana cin ƙashin baya har ya shanye ƙafafu. Masu shan madarar da ba a dafa ba, da masu karɓar haihuwar dabba da hannu, su gaya wa likita haka, akwai cutar dabbobi da ke sauka a gaɓɓai.

Haɗarin da ya fi kusa da kowa yana cikin 'yar ledar haɗi. Na san dalilin shan ta. Mutum ya wuni a duƙe a fadama yana dashen shinkafa, ko yana jan tiyo a noman rani, gobe ma dole ya koma. Ƙwaya huɗu ko biyar, launi daban-daban, babu kwali, babu suna. Ya sha, ya ji garau. Sau da yawa a ciki akwai daiklofenak ko ibufurofen ko firoksikam, wani lokaci biyu a haɗe, ga kuma deksametason, wanda mata suka sani a cikin sha-ka-fashe. Na farkon suna huda ciki. Suna tayar da hawan jini. Suna ƙona ƙoda, musamman ga wanda ya sha su a zafin rana jikinsa ba ruwa, ko da azumi. Baƙin bayan gida kamar kwalta jini ne, a tafi asibiti nan take. Deksa kuwa ita ce babbar mayaudariya. Tana ɗauke kumburi cikin kwana ɗaya, mutum ya yi ƙiba a fuska, a ce ya murmure. A ƙarƙashi tana kawo ciwon suga, tana rarake ƙashi, tana kashe kan ƙashin ƙugu, tana sa yanar ido, tana tayar da tarin fuka da ya kwanta. Cutar asali kuma tana nan tana aikinta. Wanda ya daɗe yana shan ta kada ya yanke lokaci ɗaya, hakan ma yana kisa. Ya ɗauki ledar ya kai wa likita a rage masa a hankali. Masu kemis, ku 'yan'uwanmu ne, ku kuka fi kowa ganin mutanen nan. Wanda ya dawo karo na uku da ciwon gaɓa ɗaya, ku tura shi gaba.

Likitocin da suka ƙware a cututtukan gaɓɓai 'yan ƙalilan ne a Najeriya, yawancinsu a manyan asibitocin koyarwa irin na Zariya da Legas. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, kuma hakki ne a kan gwamnati ta horar da wasu, ta tabbatar allurar fenisilin ba ta yankewa a ƙananan asibitoci, ta kai na'urar hoton zuciya makarantu. Amma matakin farko yana kusa. Akwai babban asibiti a Gwandu. Akwai asibitin jiha a Kalgo. Akwai Asibitin Tunawa da Sir Yahaya da asibitin tarayya a Birnin Kebbi, ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. In kun je, kada ku ce "sanyi" ku yi shiru. Ku faɗi gaɓar da ta fara, da ranar, da tsawon lokacin da take sandarewa da safe. Ku faɗi ciwon maƙogwaron da ya gabata. Ku zube duk abin da aka sha a kan tebur, na kemis da na gargajiya. Gaɓar da ta wuce mako shida a kumbure tana buƙatar gwajin jini. Allurar fenisilin kuma a asibiti ake yin ta, a hannun ma'aikacin lafiya, kuma wanda ya taɓa samun matsala da ita ya faɗa tun kafin a zuƙo.

Ɗan ƙanwata yana karɓar tasa duk mako huɗu. Uwarsa ce ke riƙe da katin, a cikin jakar da take ajiye takardun gida. Ƙannensa biyu ɗaki ɗaya suke kwana da shi. Makon jiya ƙaramin ya tashi ya ce maƙogwaro. Kafin azahar suna kan layin ganin likita.