Tausayi Ba Ya Tambayar Addini: Daga Kambodiya Zuwa Jimeta

(Kiɗan buɗe shiri)

 Yau za mu leƙa nahiyar Asiya mu ji abin da mabiya addinin Buda suke koyarwa game da tausayi da natsuwa, sannan mu dawo gida Adamawa mu duba namu.

Addinin ya samo asali ne daga Siddhartha Gautama, ɗan sarauta da aka haifa a Lumbini, cikin ƙasar Nefal ta yanzu, kimanin shekara 2,500 da suka wuce. Ya bar gidan sarauta don neman sanin dalilin wahalar ɗan Adam, ya kuma koyar da cewa kwaɗayi da ƙiyayya da jahilci su ne tushenta. Mabiyansa suna horar da zuciya ta hanya biyu. Ta farko, mutum ya zauna shiru yana lura da shigar numfashinsa da fitarsa. Idan fushi ya taso ya gane shi, kada ya yi magana ko ya ɗaga hannu sai ya lafa. Ta biyu, ya yi wa kansa fatan alheri, sannan masoyinsa, sannan wanda bai sani ba, daga ƙarshe wanda ya cuce shi.

Wannan matakin na ƙarshe shi ne mai wuya, kuma an gwada shi a Kambodiya. Tsakanin 1975 da 1979 mulkin Khmer Rouge ya hallaka mutane kusan miliyan 2, har da malaman addinin Buda da yawa na ƙasar. Wani malami mai suna Maha Ghosananda, wanda shi ma aka kashe masa dangi, ya shiga sansanonin 'yan gudun hijira a kan iyakar Tailan yana lallashin mutane su ajiye ramuwa. A 1992 ya jagoranci tattakin zaman lafiya a ƙafa daga iyakar har Phnom Penh, babban birnin ƙasar, tare da masu komawa gida, ta yankunan da ke cike da nakiyoyi.

(Kiɗa kaɗan)

To, masu sauraro, mu nan Adamawa ba baƙi ba ne ga irin wannan jarrabawa. A ƙarshen watan Oktoba na 2014 Mubi ta faɗa hannun Boko Haram, jama'a suka kwararo Yola dubbai bisa dubbai. Mafi yawansu ba sansanin gwamnati suka sauka ba, gidajen mutane ne suka karɓe su, ɗaki ɗaya ya ɗauki iyali biyu ko uku. Ƙungiyar Adamawa Peace Initiative, wadda Jami'ar Amurka ta Najeriya ta kafa a 2012 tare da limamai da shugabannin coci da 'yan kasuwa, ta riƙa raba abinci a masallatai da coci-coci. A babban cocin St. Theresa da ke Jimeta, Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe ƙofa ga Kirista da Musulmi baki ɗaya.

Shekarar 2015 ta zo da bama-bamai a kasuwar Jimeta da masallacin Juma'a na Jambutu. Masu wannan ta'asa sun so maƙwabci ya juya wa maƙwabcinsa baya, amma garin bai rikiɗe zuwa faɗan addini ba. A 2021 bishop ɗin ya miƙa gidaje 86 ga 'yan gudun hijira a Sangere-Marghi, ya gina musu coci, ya kuma gina wa Musulmin cikinsu masallaci, duk da sukar da ya sha daga wasu.

Babu wanda ya ce wani ya bar addininsa. Musulmi ya san umarnin haɗiye fushi, ya san a zauna ko a yi alwala idan rai ya ɓaci. Kirista ya san umarnin ƙaunar maƙiyi. Abin koyi daga mabiya Buda shi ne yadda suka mai da horon zuciya aikin kullum, tun kafin fitina ta zo. Wanda bai saba danne fushinsa a kan ƙaramin abu ba, ranar babban abu ba zai iya ba.

Saboda haka, idan labari mai tunzurawa ya shigo wayarka, dakata ka bincika kafin ka tura wa wani. Idan kuma mabukaci ya tsaya a ƙofarka, fara tambayarsa ko ya ci abinci, ba addininsa ko ƙabilarsa ba. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

A nan muka kawo ƙarshen shirin. Allah ya zaunar da Adamawa da Najeriya lafiya, mu kasance lafiya.