Yadda A Ke Gano Tsofaffin Ramukan Kuza Kafin A Sayi Fili

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Ba inda wannan magana ta fi zama gaskiya kamar wurin mai neman filin gini a ƙasar Jos, gama can akwai filaye masu kyaun gani, shimfiɗe sumul da ciyawa kore, amma ƙarƙashinsu rami ne da aka cike ko kuwa kogo ne da aka manta. Da yawa daga cikinmu za a tura mu koyarwa ƙasashen nan, watakila a nemi shawararmu inda za a kafa makaranta, sabo da haka ya kamata mu san yadda a ke binciken asalin fili.

Da fari sai mu san mafarin ramukan. Tun kafin zuwan Turawa mutanen Liruwen Kano da na Liruwen Dalma suna wanke kuza a rafuka, su narke ta, fatake su kai kasuwanni. Wajen 1904 ma'aikatan Kamfanin Neja suka kafa sansani a Naraguta, daga nan kamfanoni suka yi ta shigowa, har aka ja ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya, ya isa Jos a 1914. Da Japan ta ci ƙasar Malaya a 1942 sai aka shiga ɗiban mutane aikin tilas, har kuzar da aka haƙa cikin 1943 ta haura tan 17,000. Bayan wannan aikin ya yi ta ja da baya, da farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya cikin 1985 kuwa, sai manyan kamfanoni suka watse, suka bar ƙasa da tabonta.

Ita kuza ba ko'ina ta ke kwanciya ba. Daga jikin duwatsu ruwa ya ke wanko ta, da shi ke ta fi yashi nauyi sai ta zauna a gindin rafi, shekaru su wuce ƙasa ta binne rafin. Don haka masu haƙa tsofaffin hanyoyin ruwa su ke bi, su yaye ƙasar bisa su tara ta tsibi tsibi, su wanke tsakuwar da ke ƙasa. Wanda ya gane wannan ya sami rabin amsa, watau fili na cikin kwari ko na gefen rafi, kamar a Bukuru da Rayfield da Barikin Ladi, shi ya fi bukatar bincike.

Haɗarin iri huɗu ne. Na ɗaya kududdufai masu zurfi, waɗanda gaɓarsu ke zubewa, sun kuwa ci mutane da dabbobi. Na biyu ramin da aka cike da laka: bisa ya bushe, ciki da taushi, in an ɗora gini sai ya nitse, bango ya tsage. Na uku aikin da a ke kira loto, inda a ke haƙa rami kamar rijiya, in an kai ga kuza a yi ta rarake ƙasa ta gefe. Bakin ramin ya toshe, kogon na nan. Na huɗu yashin da ya rage bayan wanki, gama cikinsa akwai ma'adinai masu fid da wani irin tururi da ido ba ya gani, mai cutar jiki in an daɗe tare da shi, don haka bai kamata a yi bulo ko yaɓe da shi ba.

To, yaya a ke gano su? A fara da takardu. Kowane kamfani da aka ba izinin haƙa sai da safiyo ya auna wurin, aka zana taswira, aka kafa turaka a kusurwoyinsa. A nemi irin waɗannan taswirori a ofishin ma'adinai da ofishin safiyo na Jos, da ma'aikatar binciken duwatsu wadda aka kafa tun 1919, da gidan ajiye tsofaffin takardun Gwamnati na Kaduna. In an samu sai a gwada tsohuwar taswira da sabuwa, a kuma duba hoton wurin da aka ɗauka daga sama. Inda tsohuwa ta nuna rami ko ruwa, sabuwa ta nuna fili, nan ne wurin tsayawa. A lura kuma, sai a 1946 doka ta tilasta wa kamfanoni gyara ƙasar da suka haƙa, saboda haka wuraren da aka bari kafin nan galibi ba wanda ya gyara su.

Amma takarda ba ta san kome duka ba, balle aikin loto da ba a rubuta shi. Nan sai a koma ga dattawan gari da tsofaffin leburori, su ne suka san inda aka yi rami da inda saniya ta taɓa faɗawa. A tambayi mutum biyu ko uku dabam dabam, ban da mai sayarwa, gama mai talla ba ya kushe kayansa.

Sa'an nan a taka filin da ƙafa, ya fi kyau da damina. A duba tsibin jar ƙasa marar ciyawa, da tsohon lambatu, da guntayen ƙarfe, da wurin da ƙasa ta lotsa ruwa na kwanciya, da itatuwan turare da aka dasa a jere, don da su aka saba rufe wuraren da aka cike. In an ga alama, a kira injiniya ya haƙa ramin gwaji, ƙasar asali tana fitowa hawa hawa, ta ciko kuwa a cakuɗe ta ke.

Sauran abu guda. A dokar Nijeriya ma'adinai na Gwamnatin Tarayya ne, takardar shaidar fili ba ta ba mutum abin da ke ƙarƙashinsa. A tambayi ofishin rajistar izinin haƙa na Abuja, wanda dokar 2007 ta tanada, ko akwai mai izini a kan wurin har yanzu.

Ba mu kaɗai ke da wannan damuwa ba. A Konwal ta ƙasar Ingila, inda aka rufe ramin kuza na ƙarshe a 1998, mai sayen gida ya kan biya a bincika masa tsofaffin taswirori kafin ya sa hannu. Kuɗin bincike kaɗan ne in an gwada da kuɗin ginin da ya rushe bisa yara. Rigakafi dai ya fi magani.