Ji wa Kai Ciwo da Gangan: Zunubi Ne a Wajen Katolika?

 Tambayar wannan mako daga Abidjan ta zo, daga wata baiwar Allah mai sayar da atamfa a kasuwar Adjamé. Ta ce 'yar maƙwabciyarta, 'yar Katolika, takan ji wa jikinta ciwo da gangan idan baƙin ciki ya yi mata yawa, har ta daina zuwa coci don tana ganin Allah ya yi fushi da ita. Shin zunubi ne?

To, amsar kashi biyu ce. Na farko, a koyarwar Katolika rai da lafiyar jiki amana ce ta Allah, riƙo aka ba ka. Don haka cutar da jiki da gangan ba daidai ba ne.

Na biyu kuwa, aiki daban, alhakin mai aikin daban. Littafin Katekizim da Paparoma John Paul na Biyu ya fitar a 1992 ya kafa sharuɗɗa uku kafin a ce mutum ya yi babban zunubi: abin ya kasance mai girma, ya san haka sarai, sannan ya aikata da cikakken son ransa. Sakin layi na 1735 ya nuna cewa tsoro, sabo da matsalar ƙwaƙwalwa na iya rage alhaki, ko ma su ɗauke shi. Ka ga ai wanda damuwa ta shaƙe, da wuya a ce zaɓinsa cikakke ne. Ko wanda ya kashe kansa ma, coci ba ta yanke masa wuta, addu'a take yi masa. Dokar coci ta 1917 ta hana irinsu jana'izar coci, ta 1983 ta cire hanin.

A nan Côte d'Ivoire akwai misali. Grégoire Ahongbonon, ɗan Benin mai facin taya a Bouaké, karayar arziki ta taɓa kai shi ga tunanin kashe kansa. Wani fada ya tallafe shi, daga baya ya kafa ƙungiyar Saint Camille mai kula da masu taɓin hankali.

Saboda haka, 'yar'uwa, kada a yi wa yarinyar nan tsawa, kada a ce ba ta da imani. Ku saurare ta. Tana iya ganin fada a cocin Saint Michel na Adjamé ko Sainte Jeanne d'Arc na Treichville, amma fa fada ba likita ba ne. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a cibiyar INSP nan Adjamé, akwai asibitin Bingerville. In raunin ya yi tsanani, a garzaya babban asibitin Treichville. In kuma ta fara zancen mutuwa, kada a bar ta ita kaɗai.

Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kin kyauta da kika tambaya. Allah ya ba ta lafiya. Sai mako na gaba.