Wutar Lantarki Daga Rufin Gida: Abin Da Ya Kamata Malamai Da Akawuna Su Sani

A cikin watan Oktoba na 1924 ba wanda zai yi kukan rashin lantarki a ƙasarmu, gama fitilar aci-bal-bal ta ishi kowa. Amma a Oktoba na 2024, sa'ad da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, har da na Shiroro zuwa Kaduna, garuruwanmu suka kwana cikin duhu fiye da mako guda, kowa ya ji a jikinsa. Injunan niƙa suka tsaya, ruwan famfo ya yanke, ɗalibai suka rasa hasken bita. Abin mamaki, duk kwanakin nan rana tana fitowa kullum, tana dukan rufin gidajenmu tun hantsi har la'asar, ba mu amfana da ita ba sai shanyar hatsi da tufafi. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu yi wa masu karatu bayanin wata dabara, watau haɗa wutar hasken rana ta gida da babban layin wuta na ƙasa.

Asalin al'amarin ya daɗe. A 1839 wani Bafaranshe mai suna Edmond Becquerel ya gano cewa haske yana iya haifar da lantarki. Sai a 1954 masana a Amurka suka ƙera ɗan faranti na silikon, wanda ake samowa daga yashi, mai juyar da wajen kashi 6 cikin 100 na hasken da ya faɗa masa zuwa wuta. Faranti na yau kuwa yakan juyar da kashi 20 ko fiye. Tsakanin 2010 da 2020 farashinsa ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100.

Ga yadda aikin yake. Akan kafa farantan a bisa rufi, a ɗan karkata su kudu. Wutar da suke bayarwa mai gudu ce ta fuska ɗaya, irin ta batir, saboda haka sai ta bi ta cikin wani akwati da ake kira inbata, ya mai da ita irin wadda fanka da firij ke sha. Gida ya ɗebi abin da yake bukata, ragowar ta fita ta mita zuwa babban layi, maƙwabta su yi amfani da ita. Da dare kuwa gida ya jawo daga layin. Mitar tana ƙidaya abin da ya shiga da abin da ya fita, ƙarshen wata a yi lissafi. Kamar dai manomi ne da ya zuba hatsi a rumbun gari da kaka, ya riƙa ɗiba da bazara.

Bari mu yi lissafi irin na aji. A ce malami ya sa faranti 3, kowane mai wat 400, jimla wat 1,200 ke nan. A yanayin Kano ko Sakkwato wannan zai ba da wajen yunit 5 a yini. Fanka mai wat 60 kadan ta yi awa 10 ta sha abin da bai kai yunit 1 ba. Ƙwan fitila 6 masu wat 10 a awa 5 ba su wuce sulusin yunit ba. To, da tsakar rana, sa'ad da farantan suka fi ƙarfi, maigida yana ofis, yara suna makaranta. Wutar nan kadan ba ta sami hanyar fita ba, asara ce.

Mutanen Jamus su ne suka nuna wa duniya hanya. A shekarar 2000 suka kafa doka wadda ta tilasta wa kamfanonin wuta su sayi abin da gida ya samar, a kan farashin da ba ya sākewa har shekara 20. Manoma da malamai suka cika rufinsu da faranti, masana'antu suka yawaita ƙerawa, farashi ya sauka ga kowa. Alhali kuwa ranar Jamus wajen rabin tamu ce a ƙarfi. A Ostareliya ma, zuwa 2024, wajen gida ɗaya cikin uku yana da faranti a rufinsa.

Amfanin tsabta a fili yake. Mafi yawan wutar Nijeriya daga ƙona iskar gas ake samunta, saura daga madatsun ruwa irin na Kainji da aka gama a 1968. Inda wuta ta gaza kuwa janareta ke maye gurbi, ga ƙara, ga hayaƙi mai guba wanda ya sha hallaka iyali suna barci, ga tsadar fetur tun da aka janye tallafi a Mayu 2023. Faranti ba ya ƙara, ba ya hayaƙi, yakan yi shekara 25 yana aiki.

Amma lalle mu faɗi gaskiya, kada wani ya zubar da albashinsa. Inbata irin ta haɗi da babban layi zalla takan kashe kanta da zarar an ɗauke wuta, ko da rana na tsaka. An yi haka ne da gangan, don kada wutar gida ta koma kan waya ta kashe ma'aikacin da ya hau gyara. Ashe ke nan irin wannan inbata da ba ta fisshe mu a Oktoba 2024 ba. Abin da ya dace da ƙasarmu shi ne inbata mai haɗa uku, watau faranti da batir da babban layi, ko da yake batir ya fi kome tsada, kuma yakan riga faranti mutuwa. Har wa yau ƙurar hunturu tana rage ƙarfin faranti sai ana gogewa, zafi mai tsanani ma yana rage shi kaɗan. Kada kuma kowa ya tura wuta kan layi sai da iznin kamfanin wuta, da mita mai ƙidaya fuska biyu. A guji kayan jabu da ɗan koyo, gama araha ba ta ado.

An fara aza harsashi. A Janairu 2023 aka buɗe tashar wutar rana mai megawat 10 a Kumbotso ta Kano, a shekarar kuma aka sa hannu a sabuwar dokar lantarki wadda ta ba jihohi ikon tsara sha'anin wutarsu. Roƙonmu ga hukumomin jihohi shi ne su fitar da ƙa'ida bayyananniya ta sayen ragowar wutar gidaje, su fara gwaji da rufin makarantu da asibitoci, su kuma sa koyon wannan sana'a a makarantun koyon sana'a da kwalejojin horon malamai.

Ku kuma malamai, ku sa ɗalibai su ƙidaya wat ɗin kayan gidajensu a darasin lissafi. Ku akawuna, kafin ku sayi kome ku rubuta abin da kuke kashewa a kan fetur da takardar wuta wata uku, ku gwada da kuɗin kayan. Wanda ya san bukatarsa da alƙalami, ɗan kasuwa ba ya cutarsa. Allah ya sa mu dace, amin.